Sawun Mai Fenti a Bakin Rijiya

An wayi gari babu injin ruwa a gidan hayar da ke bayan tashar mota. Matar Direba ce ta fara ganewa. Ta murɗa famfo, ya yi mata tari ya yi shiru, ta zaga bayan gida tana mita, sai ta tarar da ɗan kejin ƙarfen da ke bakin rijiya a buɗe, wayam. Kafin rana ta ɗaga duk mai ɗaki a gidan ya san an yi sata, kuma yawancinsu har sun san wanda ya yi. A gidan haya gane ɓarawo ba ya cin lokaci, ruwan wanka ne ke wahalar samu.

Maigida, Alhajin da ya mallaki gidan, ya aika a kira Kawu.

Kawu ya ƙare ƙuruciyarsa yana gadin gandun daji, yana bin sawun masu sare itace da ɓarayin shanu, har gwiwa ta ce ta gaji, ya dawo gari. 'Yar ƙanwarsa ce ke kiransa Kawu, unguwa ta ji ta ɗauka, har tsofaffin da suka girme shi. In akuya ta ɓace ko an fasa shago, shi ake fara nema kafin 'yan sanda, don shi ba ya cewa a zo gobe.

Ya iso da sandarsa, ya tarar da abin da ya saba tararwa: jama'a sun tattake wurin kaf, kowa ya zo ganin inda babu komai. Daga keji zuwa gaban gida akwai siririn daɓen siminti da ke bin bango, shi kuwa siminti ba ya riƙe sawu. Wuri ɗaya ne ya tsira, wata 'yar laka tsakanin famfo da keji, wadda kowa ke tsallakewa don kada ya ɓata ƙafa. A cikinta akwai sawun takalmin roba mai tsagaggen diddige, da ɗigon shuɗin fenti a gefe.

"Na wane ne?" in ji Maigida.

"Na mai aikin fenti ne," in ji Kawu. "Ya zo nan da sassafe, ya tsaya, ya juya. Amma..."

Tsakar gida ta ɗauki hayaniya. Kawu ya ƙarasa maganarsa, ya ce mutumin bai ɗauki komai mai nauyi ba, zuwansa da komawarsa duk zurfinsu ɗaya. Ya faɗa sarai, har ya maimaita. Babu wanda ya ji, don mutane sun riga sun samu rabin da suke so.

Mai Fenti yana tsaye a ƙofar ɗakinsa, ɗakin ƙarshe kusa da lungun rijiya. Bai daɗe da tarewa ba, shi da mahaifiyarsa wadda ɓarin jikinta ya shanye. Ba ya zaman hira da kowa, kuma a gidan nan wannan kaɗai laifi ne.

"Ruwa na zo ɗiba, Alhaji," ya ce. "Na ga babu, na fita na saya."

"Ni na gan ka da buhu," in ji Matar Direba.

Nas, ma'aikaciyar asibitin da ke haya a gidan, ta ce ita ma. Mai Guga ya gyaɗa kai yana kallon ƙasa.

Maigida ya ɗaga hannu. Ya ce ba da ka yake magana ba, a rediyo ya ji: masana sun yi bincike, sun gano yawancin satar gidan haya na ciki ne ke yi, musamman sabon shiga. Ga shaidu uku, ga bincike, ga kuma bakin Kawu. Ya ba Mai Fenti wa'adi zuwa magariba. Ko inji ya dawo, ko a fitar masa da kaya a miƙa shi ga hukuma, tsohuwar kuma ya san inda zai kai ta.

Kawu ya juya ya nufi gida. Abin ya tsaya masa a rai, don a cikin shaidun nan duka, nasa bakin ne ya fi nauyi.

*

Ya tarar da 'yar ƙanwarsa a gida tana shanya. Malama ake ce mata. Aikinta a wata cibiyar bincike yake, tana shiga gida gida tana yi wa mutane tambayoyi game da zamansu da sana'arsu. Kawu ya sha yi mata tsiya cewa ita ce mutum ta farko da ya gani ana biya don ta yi gulma.

Ya ba ta labari. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, wanda shi ma cikin aikinta yake.

"Binciken da Alhaji ya ji, na san irinsa," ta ce. "Maganar na ciki tana nan. Sabon shiga kuwa daga aljihunsa ya ƙara. Kuma ko da haka aka ce, yawanci ba sunan mutum ba ne, Kawu. Ba a kama mutum da yawanci."

"To shaidu ukun fa? Mutum uku ba za su haɗu su yi ƙarya kan wanda bai tare musu komai ba."

"Ban ce ƙarya suke ba. A tare ka tambaye su?"

"A tsakar gida, gaban kowa."

"Sun yi hira kafin ka zo?"

"Tun asuba suke yi."

Ta rataye zanin da ke hannunta. Ta ce a wurin aikinsu sun taɓa gwadawa da ɗalibai. Aka nuna wa wasu hoton hatsari da mota ja, wasu kuma da mota fara, ba su san hotunan sun bambanta ba, aka bar su su yi hira. Da aka dawo ana tambayarsu ɗaya ɗaya, da yawa suka rantse sun ga abin da maƙwabcinsu ne kaɗai ya gani. Kuma tsakani da Allah suke rantsuwar.

"Shaida uku da suka yi hira, wani lokaci shaida ɗaya ce ta yi 'ya'ya," ta ce. "Ka raba su. Kada ka sa musu suna a baki, kada ka ambaci buhu. Ka ce su faɗi inda suke tsaye, da abin da idonsu ya gani, da wanda ya fara yi musu maganar."

Kawu ya yi tsaki, ya ce shi ƙasa yake tambaya, ƙasa kuwa ba ta hira da maƙwabta. Sai dai ya san ƙasa ta gama faɗin nata a lakar nan, ba ta kai shi ko'ina ba. Ya ce ta ɗauko mayafinta.

*

Matar Direba ta karɓe su hannu bibbiyu, don ta daɗe ba ta samu mai sauraro biyu a lokaci ɗaya ba. Ta ce ta gan shi ƙiri ƙiri, buhu a kafaɗa, yana sanɗa.

"A ina kike tsaye?" in ji Kawu.

"A nan, bakin taga."

Kawu ya je ya leƙa. Titi tagar take kallo. Ana ganin mai faci da rabin tashar mota, amma ba a ganin tsakar gida, balle lungun rijiya.

"To ko a ƙofa ne," ta ce. "Ka san abin asuba."

"Buhun wane iri ne?" in ji Malama.

"Buhu dai. Fari. Ko ruwan ƙasa."

"Wa ya fara yi miki maganarsa yau?"

Ta yi ɗan tunani. Ta ce bayan ta ga kejin a buɗe ta fito tana salati, sai ta haɗu da Nas, Nas ta ce mata ai an ga sabon nan da buhu. Da ta ji haka sai ta tuna ita ma ta gan shi.

Nas ba ta wahalar da su ba. Tana kwance da tawul a goshi, ta ce ita a asibiti ta kwana, gari ya waye sosai ta shigo.

"To me kika gani?"

"Ni ban ce na gani da idona ba, Kawu. Cewa na yi ni ma."

"Ke ma me?"

"Ni ma na ji. Mai Guga ne ya gaya mini a bakin ƙofa." Ta gyara tawul. "Don Allah in za ku fita ku ja mini ƙofar."

Da suka fito Kawu ya lura da kansa yana tafe yana kallon ƙasa, kamar zancen zai bar sawu a kanta. Uku sun koma ɗaya, kuma ɗayan yana can ƙarƙashin rumfa yana hura gawayin dutsen guga.

*

Mai Guga bai yarda ya haɗa ido da kowa ba. Ana tambayarsa yana amsa wa rigar da ke gabansa. Gumi ya jiƙa masa wuya, ya goge hannun riga ɗaya har ya kusa ƙona shi.

Kawu ya ja Malama gefe. "Ga mutuminmu nan. Dubi idonsa."

"Kawar da ido ba shaida ba ce, Kawu. An gwada wannan an sake gwadawa. Mai gaskiya ma yana kawar da kai in ya tsorata, maƙaryaci kuma ya iya zuba maka ido."

"Yana ɓoye wani abu."

"Wataƙila. Amma ba lallai inji ba ne."

Kawu ya koma, ya zauna a kan benci, ya ɗora haɓa a kan sanda, ya yi shiru. A daji ya koyi cewa shiru ya fi tambaya gajiyar da mutum. Ba a jima ba Mai Guga ya ajiye dutse.

"Kawu, ka rufa mini asiri. Wankin otal na karɓa."

Dokar gidan ce ba a wankin kuɗi da ruwan rijiya, don rijiyar ba ta da ƙarfi, in aka matsa mata sai ta ja baya. Shi kuwa kwanakin nan zannuwan gadon wani otal yake wankewa a ɓoye, jiya ma ya kusa ƙarar da tanki. Abin da ke cinsa ke nan tun safe. Kawu ya dubi Malama, ita kuma ta yi masa alheri ta dubi wani wuri.

"Bar maganar otal," in ji Kawu. "Da asuba me ka gani?"

"Na ga Mai Fenti ya nufi ƙofar gida."

"Da me a hannunsa?"

"Da... wani abu dai."

"A kafaɗa, ko a hannu?"

Mai Guga ya saki hannunsa ƙasa, ya dunƙule yatsu, ya tsaya yana kallon hannun. Haka ake riƙe bokiti.

"To buhu daga ina ya fito?" in ji Malama.

"Da hayaniya ta tashi, Tela ya zo nan ya ce mini, 'Kai da kake tashi da wuri, ba ka ga sabon nan ya fita da buhu ba?' Sai na ce kamar na gani. Da na faɗa wa Nas kuma sai na ji ai na gani ɗin."

*

Shagon Tela a gaban gidan yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin gida, daidai inda daɓen siminti ya ƙare. Ya fi kowa daɗewa a gidan, shi ne shugaban 'yan haya, shi ke raba faɗa, shi ke kai kuka wurin Maigida. Ya tashi ya ba Kawu kujerarsa, ya dube shi ido cikin ido.

"Ni ban ga komai ba, Kawu. Ba zan ɗauki alhakin bawan Allah ba. Abin da mutane suka faɗa na ji."

"Mai Guga ya ce kai ka tambaye shi buhu."

"Tambaya na yi. Inji ai ba a aljihu ake sa shi ba."

Magana ce mai ma'ana. Kawu ya dubi shagon: ɗinki ya taru har kan tebur, wani koren yadi mai zanen ganye an yanka shi an jera gunduwa gunduwa, ƙyallayensa a zube ƙarƙashin keke. Ya tambayi yadda ake kunna injin. Tela ya ce karɓa-karɓa ake yi, mako mako. Mai mako shi ke kunnawa da yamma, ya tsaya kusa, in tanki ya cika ko rijiya ta fara shaƙar iska ya kashe. An taɓa ƙona inji ɗaya a gidan, tun daga ranar Alhaji ya rantse duk wanda ya sake ƙonawa ya kwashe kayansa.

"Wannan makon na wa?"

"Nawa ne. Na kunna, na kashe, lafiya lau."

A waje Malama ta ce ita nan nata ya ƙare. Zancen buhu ya faro daga bakin mutumin da ya ce bai ga komai ba, wannan gaskiya ne, amma yin tambaya ba sata ba ce. In suka nuna Tela da wannan kaɗai, sun yi masa abin da aka yi wa Mai Fenti. Ta ce a sake zagayawa, a tambayi sauran ɗakuna.

"Tambaye su," in ji Kawu. "Ni zan koma inda na yi gaggawa."

*

Da safe ƙasa ya duba, don sawu aka kira shi ya gani. Yanzu ya durƙusa da ƙyar, gwiwa tana ƙara, ya cusa kai cikin kejin.

Warin ƙonanniyar waya ya fara tarar da shi, ya kwanta amma bai tafi ba. A bangon baya akwai tabon hayaƙi kamar tafin hannu. Wayar wuta ba a yanke ta ba, kwance ta aka yi, aka lanƙwasa bakinta sama don kada ta taɓa ƙasa. A can lungu, kan bulo, ga notinan da ke riƙe injin an tara su cikin murfin gwangwani. Sannan bututun da ke shiga rijiya: an toshe bakinsa da ƙyalle, an naɗe da zare, an ƙulle tsaf.

Kawu ya daɗe a durƙushe. Ya ga aikin ɓarayi iri iri a rayuwarsa, masu gaggawa da masu natsuwa, amma bai taɓa ganin wanda ya damu kada ƙasa ta shiga bututun gidan da ya yi wa sata ba. Ya warware zaren, ya zaro ƙyallen, ya buɗe shi a haske. Ya ninke ya sa a aljihu. Bai ji daɗi ba, don yana ganin girman mutumin.

*

Maigida bai jira magariba ba. La'asar na yi ya sa aka fara fito da kaya. Katifa, buhun tufafi, gwangwanayen fenti, murhu, duk an jibge su a tsakar gida inda ruwan ɗaurayar Mai Guga ya jiƙa ƙasa. Tsohuwar tana zaune a kan katifar, an jingina ta da buhu, hannunta mai lafiya yana riƙe da marar lafiyar. Ba ta kuka, kallon ƙofar ɗakin kawai take. Mai Fenti yana tsugune gefenta.

Kawu ya ce a kira kowa. Wannan karon ya hau kan dakalin famfo, ya buga sanda a ƙasa, ya ce duk wanda ya yi magana kafin ya kai aya, shi zai bi sawunsa har gida.

"Da safe na ce sawun Mai Fenti ne a laka. Nasa ne. Na kuma ce bai ɗauki kaya ba, ba ku ji ba. Yanzu ku ji. Duk wanda ya daɗe a gidan nan kan siminti yake bi, don ya san inda laka take. Baƙo ne kaɗai zai taka ta."

Ya juya ga shaidu ɗaya bayan ɗaya. Matar Direba ta yarda tagarta titi take kallo, kuma daga bakin Nas ta fara ji. Nas ta ce ita a asibiti ta kwana. Mai Guga ya ce bokiti ne, ya faɗi wanda ya tambaye shi buhu. Idanu suka koma kan Tela.

"Tambaya na yi," in ji Tela, muryarsa ba ta rawa.

"Haka ne. Tambaya ba laifi ba ce." Kawu ya zaro ƙyallen. "Injin nan ƙonewa ya yi kafin a cire shi, tabon hayaƙi yana nan, kowa ya je ya gani. Wanda ya cire shi ya adana noti, ya toshe bututu da wannan, don yana da niyyar mayarwa. Akwai wanda ya san ƙyallen nan?"

Ya ɗaga shi. Kore ne, mai zanen ganye.

"Wannan ai yadina ne," in ji Matar Direba. Ta matso ta karɓa ta juya shi. "Nawa ne. Mijina ya kawo mini daga tafiya, babu mai irinsa a unguwar nan. Jiya da yamma na kai ɗinki, ko yanka shi ba a yi ba na baro shagon."

A duk abin da ta faɗa ranar, wannan ne kaɗai ta gani da idonta, kuma shi ne ya yi aiki.

Tela ya nemi wuri ya zauna a bakin dakali. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Ya ce ya kunna inji da yamma, ya koma shago ya ɗan rage aiki, keke yana ƙara bai ji rijiya ta shaƙi iska ba, sai wari ya ji. Ya tuna rantsuwar Alhaji. Shagon nan shi ne cinsa, shi ne shansa, duk masu kawo masa ɗinki nan suka sani. Ya kwance injin, ya shigar shago, da sassafe ya kai wa mai gyara a ƙetaren gari, da nufin ya mayar kafin tanki ya ƙare. Bai san tankin ya riga ya ƙare ba.

Mai Guga ya sunkuyar da kai ƙasa sosai. Kawu bai dube shi ba.

"To shi wannan fa?" in ji Malama, ta nuna Mai Fenti.

"Da ihu ya tashi, na ga za a tambayi mai mako. Na so a kalli wani wuri na yini ɗaya kawai. Ban ce ya sata ba. Wallahi ban taɓa cewa ya sata ba."

"Ba ka ce ba," in ji Kawu. "Ka dai tsaya kana kallo ana fito da katifar."

Maigida ya yi gyaran murya. Ya ce to ai maganarsa ta fito, bincike ya ce na ciki ne, ga shi kuwa na ciki ne. Malama ta buɗe baki, Kawu ya girgiza mata kai, don akwai mutanen da ko me aka gano, su ne suka fara faɗa. Game da Tela, Maigida ya ce za su zauna gobe. Game da Mai Fenti, ya ce a mayar masa da kaya, abin ya wuce, a yi haƙuri da juna. Yadda ya faɗa, sai ka ce Mai Fenti ma yana da wanda zai ba haƙuri.

*

Mutane suka fara sulalewa. Mai Guga ya ɗauki murhu da gwangwanaye ya kai ɗaki ba tare da an sa shi ba. Matar Direba ta tsaya kusa da Kawu, ƙyallen yana hannunta, ta rage murya.

"Kawu, na yarda ba shi ba ne. Amma wallahi in na rufe ido, har yanzu ina ganinsa da buhun."

"Na sani," in ji Malama. "Zai daɗe bai goge ba. Ki dai riƙa tuna daga inda ya zo."

Mai Fenti ya taso ya zo gaban Kawu. Bai yi godiya ba, Kawu kuma bai sa rai ba.

"Baba, tun safe ka san ban ɗauka ba."

"Na sani. Na faɗa."

"Shi ya kamata ka fara faɗa."

Kawu ya dogara da sandarsa. An tambaye shi na wane ne, ya amsa abin da aka tambaya, kamar yadda ya saba tun yana daji. Gaskiya ya faɗa daga farko har ƙarshe, amma jerin da ya bi ya sa tsohuwa ta yini a fargaba ta kuma zauna a tsakar gida ana kallonta. Abin ya yi masa ciwo, ya ce, "Haka ne."

Mai Fenti ya koma wurin mahaifiyarsa. Ya durƙusa ya ba ta baya, ya ja hannunta mai lafiya ya ɗora a kafaɗarsa, ya ce, "Iya, riƙe ni." Ya miƙe da ita a hankali, ya ratsa jiƙaƙƙiyar ƙasar zuwa ɗakin ƙarshe.

Kawu ya bi bayansa da ido, ba mutumin yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Tsagaggen diddigen nan ya nutse har ruwa yana taruwa a ciki, takun ya gajarce, yatsun ƙafa sun buɗe waje.

Ya taɓa Matar Direba da kan sanda, ya nuna mata.

"Buɗe idon ki duba nan," ya ce. "Ga yadda sawunsa yake in ya ɗauki kaya."